Yaya Bukar, Ba Ragwanci Ba Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Bukar.

Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ce Hajara, autar Inna. Na san wasiƙa ba ta shiga kabari. Na rubuta ta a inda mutane za su karanta ne, domin a bainar jama'a aka laƙaba maka sunan da ba naka ba, a bainar jama'a kuma nake so a cire shi.

Raggo suke ce maka. Ka tuna?

A Gashua, lokacin muna cikin Jihar Borno, babu wanda bai san ƙafarka ba a unguwarmu. Sharaɓarka cike take, a murɗe, kamar ta ɗan kokawa. Amma idan ka zauna a tabarma, sai ka dafa ƙasa, ka dafa gwiwa, ka dafa cinya, kafin ka miƙe. Gangaren kogin da yara ƙanana ke haurawa a guje, kai sai ka tsaya a tsakiya ka huta. Ranar yankan shinkafa a fadama, ƙannenka su ɗauki dami su wuce, kai naka ya rinjaye ka. Baba ya dube ka ya ce, "Ƙafa ga ta nan kamar turmi, amma a banza." Ya juya kan Inna ya ce, "Ke kika sangarta shi."

Ba ka taɓa mayar masa da magana ba.

Shekarar da kogi ya ƙi cika, shinkafa ta ƙone a gona, sai ga Kawu Modu, ƙanen Baba, ya zo daga Nguru. Shi fataucin bandar kifi yake yi, yana lodawa a jirgin ƙasa zuwa Kudu. Ina bakin ƙofa na ji shi yana cewa, "Ku ba ni shi. Tasha za ta sauke masa lalacin nan." Baba ya amince nan take. Inna ta ƙulla maka ƙuli-ƙuli da garin ɗanwake, ita ko tambayarta ba a yi ba.

Daga baya ni ma aka kai ni gidan Kawu saboda makaranta, na gani da idona. Kwalin banda a kanka, ka turo ciki gaba, ka lanƙwasa baya, kana tafiya a kan yatsu kana rangaji. 'Yan dako suna binka a baya suna kwaikwayon tafiyarka. Wata rana ƙafa ta ƙwace maka a bakin tarago, kifi ya watse a ƙasa. Suka fashe da dariya. Ka tashi da irin tashin nan naka, kana dariya tare da su. Wannan dariyar taka ta fi faɗuwar yi mini ciwo, har yau.

Mutum ɗaya ce ta dube ka da idon rahama a tashar nan: Mama Ifeoma, 'yar Kudu mai shagon atamfa. Takan kira ka ka zauna a bencinta, ta ba ka ruwa. Ita ce ta tare Kawu da Hausarta mai tsalle-tsalle ta ce, "Alhaji, yaron nan babu lafiya. Duba yadda yake numfashi." Kawu ya ce mata ta ji da atamfarta.

Sai haki ya fara. Da farko in ka ɗauki kaya, daga baya ko alwala ka yi sai ka zauna. Kwanciya ta gagare ka, ka koma barci a jingine da bango. Ƙafafunka suka kumbura har silifa ta daina shiga. A ɗakin shan magani aka ce fuka ce, aka ba ka maganin tari. Wanzami ya zo ya yi maka ƙaho a ƙafa, wai mataccen jini ne. Kowa ƙafa yake kallo, Yaya. Babu wanda ya kalli ƙirji.

Kai kaɗai ka san inda abin yake. Wata rana da la'asar na kawo maka kunu, ka kama hannuna ka ɗora a ƙirjinka ka ce, "Hajjo, ji nan. Wani sa'in sai ta yi kamar ta manta da ni." Na ji tana bugawa da sauri, ta tsaya, ta sake fizga. Ni yarinya ce, na tsorata, na kai wa matar Kawu maganar. Ta ce in daina biye maka.

Da ka daina amfanuwa a tasha, aka sa ka a bayan akori-kura aka mayar da kai Gashua. Ba ka ga ƙarshen daminar shekarar ba. Da hantsi ka cika, a zaure, kanka a kafaɗar Inna, ba ka kai ga yin aure ba. A wajen zaman makoki na ji wani yana cewa, "Abin farat ɗaya, ko jinya bai yi ba." Ko jinya bai yi ba! Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana jinya a tsaye, da kaya a kansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wannan. Ina da jika, sunansa Mustafa, ɗan 'yata Falmata. Bara na gan shi zai tashi daga tabarma. Ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya. Kwanon da ke hannuna ya suɓuce.

Muka kai shi babban asibiti a Kano. Likitar ta tambaye ni ko an taɓa yin mai irin wannan a danginmu, na ba ta labarinka. Ta ce cuta ce ta lalacewar tsoka, ana gadonta ta wajen uwa, ta fi kama maza. Girman sharaɓar nan ma ba ƙarfi ba ne, kitse ne da tabo suka maye gurbin naman da ya mutu. Sannan ta ce a duba zuciyar yaron. Na ce ai ƙafa ce ke damunsa. Ta ce, "Hajiya, ita ma zuciya tsoka ce."

Ga yadda ta fahimtar da ni. Naman zuciya ƙananan ƙwayoyi ne jere, kowace da 'yar fatarta. Akwai wani sinadari da ke riƙe fatar daga ciki don kada ta yage in ƙwayar ta matse. Masu wannan cuta nasu ya yi kaɗan, ko babu. Duk bugu ɗaya, fatar na ɗan tsagewa, abin da bai kamata ya shiga ba ya shiga, ƙwayar ta gaji ta mutu. Zuciya kuwa ba ta iya mayar da abin da ya mutu, sai tabo ya cike wurin, shi kuma tabo ba ya bugawa. Sauran da suka rage su ɗauki aikin, su ma su yage. A hankali zuciyar ta buɗe, ta saki, ta kasa tura jini, ruwa ya taru a huhu da ƙafa. Ƙafa tana samun hutu in mutum ya zauna. Zuciya babu ranar da take zama.

Na tambaye ta, to ɗaukar kaya mai nauyi fa? Ta ce ba ta ba mai irin wannan ciwo shawarar yin sa ko kusa.

Ni ma sun duba ni. Tawa zuciyar ta ɗan taɓu, suka ce mata masu ɗauke da gadon sukan samu haka. Ina shan ƙwaya kullum. Mustafa ma an ɗora shi a kan maganin da ke rage wa zuciya wahala tun kafin ta fara kuka. Ba warkewa ba ne, sun gaya mana gaskiya. Amma shi an san sunan ciwonsa.

Baba ya rasu bai sani ba. Inna ta rasu tana zaton tarbiyyarta ce ta ɓata ka. Kawu Modu ne kaɗai ya rage, ya tsufa tukuf a Nguru. Na je takanas na zauna a gabansa na faɗa masa duk abin da likita ta ce. Ya ja carbinsa ya ce, "Hajara, kwana ne ya ƙare." Na sani, Kawu. Ban yi jayayya da kwana ba. Kalma ɗaya na je nema, in ji ya ce kai ba raggo ba ne. Bai faɗa ba.

Na san halinka, Yayana. Da kana nan da ka ce, "Hajjo, bar shi, tsoho ne." Wataƙila tun a tasha ka yafe musu. Ni dai ban kai nan ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙarya ba.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa wahalar da ka sha ta zama kankarar zunubi. Allah ya haɗa ka da Inna a inda babu gajiya. Ya raya Mustafa cikin mutanen da za su yarda da shi in ya ce ya gaji. Ni kuma Allah ya sassauta mini abin da ke raina kafin in iso.

Taka har kullum,
Hajjo