Rasuwar Goggo Rikoda, Mai Gadin Jimlarmu

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Haɗakar 'Yan Asalin Bakin Ruwa da Masu Buƙata ta Musamman ta samu labarin rasuwar uwarmu, jagorar tawagarmu a tarukan duniya kan sauyin yanayi, wadda babba da yaro suka sani da Goggo Rikoda.

Marigayiyar 'yar masunta ce, mai saƙar koma, wadda ta rasa ganinta tun tana ƙarama, amma shekara goma sha ɗaya ta yi tana zama da wakilan ƙasashe a ɗakunan da sanyin na'ura kan sa tsoho neman bargo da rana tsaka. Kowace safiya akan raba sabon daftarin yarjejeniya, shafi sittin ko fiye. Mu masu ido mu jujjuya mu ce ya yi, ita kuwa maigidanta, Malam Kafinta, ya karanta mata a kan bencin bakin ƙofa, ta haddace.

Wata safiya ta ɗaga sandarta ta ce, "Ranka ya daɗe shugaba, jiya akwai jimla a nan, yau ban ji ta ba. Ko dai Malam ne ya tsallake, ko wani." Aka duba. Ba Malam ba ne. Jimlar kuwa ita ce mai cewa gargaɗin ambaliya ya isa ga kurma da makaho da gurgu har ƙofar gida, cikin harshensu, kafin ruwa ya riga shi. Sau huɗu ana zare ta, sau huɗu Goggo tana maido ta daga ka. Allah ya saka mata da alheri.

Muna miƙa ta'aziyya da godiya ga Malam, wanda muryarsa ta dushe saboda mu, da 'ya'yanta da jikokinta. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta, ya ba su haƙurin rashi.

Har yau ba a amince da jimlar ba, ba a kuma goge ta ba, ga zama na gaba saura wata huɗu. Mun raba shafukan tsakanin mutum tara, kowa ya haddace nasa. Muna fargabar mu tara ɗin ba za mu isa mu cike gurbinta ba, amma za mu je.

Kawu Sannu-Sannu
Kakakin Haɗaka, a madadin Majalisar Dattawa