Tsumma a Cikin Bututu

Litinin, 3 ga Maris
Abokan aikina za su zo gida ran Asabar, ga kuma abin nan da Baba ya kafa a tsakar gida. Shekara talatin yana waldar ƙofofi lafiya lau, sai da furfura ta fito ya tsiro da wannan: bututai goma sha ɗaya, ciki kamar na jita, wuya kamar ƙaho. Kowane ƙarfe sai ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya kara kunne, kafin ya liƙa. Iska na tasowa abin ya kama gunji. Maƙwabta na kiransa saniyar mai walda.

Alhamis, 6
Likita ya ce kunnen Baba na hagu ya tafi, na dama saura ƙiris. Abin da Baba ya ce kawai: "To, bari in yi sauri."

Asabar, 8
Baba na fita na yayyaga tsohon ɗankwalina, na cusa a bututan da sanda. Tsit. Wata cikin abokan aikina ta tambaya, na ce tarkacen wani ne aka ba mu ajiya. Da bakina.

Lahadi, 9
Ban samu cire tsumman ba, Baba bai fita ba. Iska ta taso, abin bai ce uffan ba. Ya ƙwanƙwasa, ya sake ƙwanƙwasawa. "Auta, kina jin sa?" Na ce ina ji. "To, nawa ne ya ƙare." Ya rataye sifana. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Talata, 11
Kwana biyu bai kunna injin walda ba. Na kasa haɗa ido da shi.

Laraba, 12
Ya kama ni ina zaƙulo tsumman da wayar ƙarfe. Ya gane ɗankwalin, shi ya saya min. Na jira faɗa. Sai ya karɓi wayar, ya lanƙwasa bakinta: "Ba haka ake yi ba." Muka cire tare. Ya buga, ya daɗe a tsaye yana saurare. "Gara da ke ce, Auta, ba kunnen ba."
Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Juma'a, 14
Na ga guntun bututu a ƙofar ofis. Na ɗan buga shi da makulli, a gaban kowa. Ba laifi muryarsa. Yana cikin jakata. Kada wani ya yi tuntuɓe da shi ne kawai.