Fatihar da Na Shafa a Bayan Rumfa

Litinin, 15 ga Janairu, 1968

An fara yajin aiki. Inji ko ɗaya bai motsa ba yau a masaƙarmu ta garin Bahri, tsallaken kogi daga Omdurman. Mu 'yan ɗakin rini da masu hura tukunyar tururi muka riga masu injin saƙa fitowa. Na rubuta ne don na san halin mutane da mantuwa.

Tayfur, sakataren ƙungiya, ya hau bencin mai shayi ya yi jawabi. Ƙarin albashi ga kowa, sannan a bar 'yan rini su koyi injin saƙa. Tun da aka gina masaƙar nan ɗan Nuba ko ɗan Kudu bai taɓa tsayawa gaban inji ba, sai dai ya share ƙarƙashinsa. Rabonmu rini da tari. Da ya zo kan wannan sai ya nuna ni da yatsa: "Ga Kafi nan, shekara da shekaru hannunsa cikin shuni. In bai hau inji ba, wallahi ni ma ba zan koma kan nawa ba!" Kunya ta kama ni, amma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 18 ga Janairu

Da hantsi aka zuba waken ful a ƙaton daro, aka yayyaga burodi a ciki. Na noƙe saboda hannuna. Tayfur ya fizgo ni: "Sa hannu, malam! In waken ya yi shuɗi, haka za mu ci shi." Wani mai inji ya ɗan ja da baya, yunwa ta dawo da shi.

Tayfur shi ya koya mini rubutu a ajin ƙungiya, yana tsiya yana gyara mini riƙon fensir. Tun da na baro duwatsunmu na Nuba ban yi aboki irinsa ba. Na faɗa wa matata Koshe, ta taɓe baki: "Ka ci da su a ƙofar masaƙa. Ka taɓa ci a gidansu?" Koshe ba ta iya barin mutum ya ji daɗinsa.

Asabar, 20 ga Janairu

Mahaifin Tayfur ya rasu a Omdurman. Allah ya jiƙansa.

Talata, 23 ga Janairu

Tun ranar rasuwar ina gidan makoki. An kafa rumfa ta tare titi, mutanen ƙauyensu na bakin kogi sun cika ta maƙil. Aboki ba ya zama a makoki kamar baƙo, don haka na naɗe hannun riga na shiga hidima. Na fara da kai shayi. Wani dattijo ya kalli hannuna a kan faranti, ya ce ya ƙoshi. Ba a jima ba aka ce in koma baya, wurin wanke kofuna ya fi buƙatar mutum. Na koma, ban kawo komai a raina ba.

Can gwaggon Tayfur ta leƙo ta gan ni tsugune. Ta ce, "Tayfur, wannan bawan na gidan wa ne? Yana da ƙoƙari." Ya yi wata 'yar dariya, ya ce, "Haba Gwaggo, abokin aikinmu ne." Abokin aiki. Ban ji haushin tsohuwar ba, abin da ta tashi da shi ke nan. Dariyar ce ta tsaya mini a wuya.

Bayan la'asar mataimakin manaja ya zo ta'aziyya. Ashe ɗan ƙauyensu ne, har da dangantaka ta wajen uwa. Na ji muryoyin dattawa sun ɗan ɗaga, aka daɗe ana magana, sai wani ya ce, "Fatiha!" Ni ma na ɗaga hannu da kumfar sabulu, na karanta, na shafa. Na ce Allah ya kai ladan kabarin tsohon.

Alhamis, 25 ga Janairu

An janye yajin. An samu ƙarin albashi. Maganar koyon inji kuwa "za a duba nan gaba."

Sai yau na san Fatihar nan ba ta mamaci ba ce. Dattawa ne suka sa 'ya'yansu biyu, Tayfur da mataimakin manaja, a gaba, suka ce ba za a binne uba a tashi da gaba tsakanin 'yan ƙauye ɗaya ba. Aka raba buƙatun yajin biyu, aka ba mataimakin manaja rabinsa. Rabin nan mu ne. Kuma da hannuna na shafa.

Lahadi, 28 ga Janairu

Na tare Tayfur a bakin famfo. Ya rame. Ya ce, "Kafi, ka fahimce ni. Gawar babana ko sanyi ba ta yi ba, baffannina sun ɗaga hannu, in ce musu me?" Na ce, "Ka ce musu akwai wani a baya yana wanke kofi, a kira shi." Ya ce an riga an shafa Fatiha, ba a warware ta. Ya ce masu inji ma ba duka suka so abin ba, suna tsoron guraben 'ya'yansu, sai a bi a hankali kar ƙungiya ta tsage. Ya ce mai masaƙa ne abokin gabarmu, ba junanmu ba. Duk ya yi gaskiya a ciki, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Tsoho Tutu na ɗakinmu ya tarbe ni da tsiya: "Mai inji ya dawo! A ba shi hanya." Kowa ya yi dariya har tari ya sarƙe su.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Ina kewar Tayfur, abin haushi. Na ga wata kalma a jarida ban gane ta ba, har na miƙe zan kai masa, sai na tuna. Da hantsi ina hango su ta tagar ɗakin rini, sun zagaye daro a gindin darbejiya. Ya ɗago ya yafito ni. Na nuna masa hannuna, wai ban wanke ba. Kamar da can in na wanke shunin yana fita.

Jiya na yi mafarkin ina gaban inji, zare yana gudu fari tas, yana tsaye a bayana yana cewa, "Ba haka ba, ɗan ƙauye!" Ban faɗa wa Koshe ba.

Asabar, 17 ga Fabrairu

An kori Tayfur da wasu uku na kwamitin ƙungiya. Ɗan ƙauyen nasu, mataimakin manaja, shi ne ya sa hannu. Masu inji sun ce a koma yaji jibi, suka aiko a tambaye mu, don in masu tururi ba su hura wuta ba masaƙa ta mutu, in sun hura ko da rabin masu inji sai ta yi aiki. Tutu ya ce wa ɗan aiken, "Ku je ku kira baffanninku." Ni Tayfur na tuna. Yana da 'ya'ya ƙanana, ga uwa ta dawo wuyansa.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Ban fita daga ƙungiya ba, kada wani ya ce na fita. Na dai tashi da safe kamar kullum, Koshe ta ƙulle mini kisra, gurasarmu ta dawa, na bi bayan Tutu. An hura wuta. Masu inji da yawa da suka ga hayaƙi su ma sun sulale ciki.

Tayfur yana kan benci lokacin da muka zo ƙofa. Ya katse jawabinsa ya ce, "Kafi!" Ya sake kira. Ƙila ban ji sosai ba, akwai hayaniya.

Muryarsa ta dishe ƙwarai. Shayin citta yake buƙata, shi kuma ba zai tuna ba sai an faɗa masa. Sai dai wani ya faɗa masa.