Hanyar Awa Uku

Aminina Usaid,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Ya mutanen Gyadi-Gyadi? Ni lafiya lau nake a Poland, aikin kamfanin kifi sai godiya, sanyin ma an fara sabawa.

Yau kwana goma sha ɗaya ba ka shiga wasanmu na intanet na jiragen sararin samaniya ba, ba ka ɗaga wayata. Laifina ne. Ni na ce mu yanke ta yankin 'yan fashi, aka ɗauke muku wuta a tsakiyar hanya, batirinka ya mutu, jirginka ya tsaya cak, suka kwashe kayan da ka yi wata biyu kana tarawa. Maimakon in yi maka jaje, sai na hau ka da faɗa. Ka yafe mini.

Na tsara sabuwar hanya. Duk minti biyar akwai tasha, ko an ɗauke wuta za ka fake kafin batirinka ya mutu. Ni zan shiga gaba. Awa uku za ta ci maimakon ɗaya.

Don girman Allah ka shigo ranar Lahadi. Tun da ka yi fushi ban yi Hausa da kowa ba. Wallahi da akwai hanyar awa biyar, ita zan zaɓa.

Naka,
Muntaka