Ɗigon da ke Gefen Aljabara ta Biyu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Inna tana gaishe ki, ƙafarta da sauƙi.

Takardar kwasa-kwasan digirinki na lissafi ta iso. Na shimfiɗa ta a kan bencin aiki, na danne da guduma, na karanta sau uku. Na dole babu magana a kansu. Na zaɓi kuwa biyu ne a wannan zango, Aljabara ta Biyu da Ƙididdiga, ɗaya za ki ɗauka. A ganina ki ɗauki Ƙididdiga, an ce ta fi saurin kai mutum ga aiki. Na zana miki jadawalin sauran shekarun a littafina, ga kwafi nan. Ni dai kafinta ne, iyakata sakandare, ki sake dubawa.

Allah ya ba da sa'a.
Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Sake dubawa kuma? Kai da kake auna katako sau biyar kafin ka ɗauki zarto? Ƙawayena sun ga jadawalinka har da layin ja, suka ce ko injiniya gare mu a gida. Na yi rajistar Ƙididdiga jiya. A gaishe da Inna.

Autarku

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ka yi haƙuri da shirun wata biyu. Na shiga shekarar ƙarshe lafiya, sai dai ba zan gama bana ba. Ka ce wa Inna ta dakata da ɗinkin da take shirin yi na ranar yaye mu. Tsarin makaranta ne kawai, kada ka damu.

Autarku

*

Auta,

Assalamu alaikum. Tsarin makaranta, kika ce. Na san ki tun kina goye, ba kya gajarta magana sai kina rufa wa wani asiri.

Na ciro tsohuwar takardar daga cikin littafina. A gefen Aljabara ta Biyu akwai wani ɗan ɗigo mai kama da tauraro. Na gan shi tun wancan lokaci. Ga abin da na rubuta a ranar: "Takardar ta yi datti, har da kashin ƙuda." Har farce na sa don in kankare shi. Yau na bi shi zuwa ƙasan shafi, inda kan gudumar ya danne. An rubuta da ƙananan baƙi cewa wanda bai yi wannan kwas ba, ba zai shiga babban kwas na shekarar ƙarshe ba. Ashe kwas ɗin na zaɓi ne a suna kawai.

Na auna, na sake aunawa, amma da gurgun ma'auni. Na cinye miki shekara guda, Auta. Inna kuma ba ƙuruciya take ƙarawa ba, kullum maganarta ta ga ranar nan da idonta. Ban san da wane baki zan nemi gafararki ba. Nan gaba ki tambayi malamanki, ki bar kafinta da katakonsa.

Yayanki

*

Yaya,

Ni ma na ga ɗigon, a takardar asali, ƙuru-ƙuru. Ina da malamai a kusa, ban tambayi kowa ba. Mu raba laifin biyu, ka san na iya rabawa.

Inna ni zan gaya mata da bakina ranar Asabar. Ga sabuwar takarda nan, taurari uku ne a ciki. Ka ɗauko rularka ka ƙara wa jadawalin layi ɗaya. Gudumar dai ka ajiye ta gefe.

Sai na zo.
Autarku