Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Ruwais, Jidda
8 ga Muharram, 1392

Zuwa ga Yaya Mastura, a Gadarif.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen unguwa. Yaya ƙafar nan taki, har yanzu tana kumbura in kin daɗe a gona? Ni dai lafiya lau, ban da gajiya.

Yaya, ba zan yi miki kwana-kwana ba. An kama yaronki, yau kwana shida. Kin san bayan aikin hajji akan bi kasuwa ana tambayar takarda, don a tattara alhazan da suka ƙi komawa. Yana bakin tukubar tsirensa a Bab Makka aka ce ya nuna iƙama, wato takardar izinin zama, ba shi kuwa da ita. Tun da kika turo mana shi yana ɗan shekara goma sha biyu, sunansa a cikin takardar ubansa yake. Da maigidana Bawa ya rasu aka sabunta tawa ni kaɗai, shi kuwa kullum gobe zai je, gobe zai je. Ke kika ɓata shi da wannan hali, kada ki ce ban faɗa ba.

Amma ba shi ya jefa kansa ba, ni na jefa shi. Ya gaya musu shi ɗan Bawa ne, uwarsa tana Ruwais da takarda mai kyau, sai aka aiko na je ofis. Na shiga ɗaki cike da maza, ga shi can tsaye a jikin bango yana kallona. Ma'aikacin ya nuna shi da alƙalami, ya tambaye ni ko ɗana ne. Ɗan fari fa, Yaya, a gaban idonsa, a gaban baƙin maza. Kin fi ni sanin yadda aka rene mu, ke da Inna ba ta taɓa kiran sunanki ba har ta koma ga Allah. Na ja mayafi, na sunkuyar da kai, na ce ɗan yayata ne Mastura. Abin da nake faɗa wa kowa ke nan shekara ashirin da biyu, tun ranar da na yaye shi na ɗora miki shi a baya ni da Bawa muka kama hanyar teku. Mutumin ya rubuta, na dangwala yatsa, na fito ina ganin na yi abin da ya dace da 'yar mutunci.

Sai da maƙwabciyata Luba ta ji ta dafe ƙirji. Ita ta fahimtar da ni cewa ɗan 'yar'uwa ba ya shiga takardata, don haka za a sa shi a jirgin ruwa zuwa Bur Sudan, ba kuma zai sake shigowa ba. Na koma ofis ɗin sau uku. Ba su wulaƙanta ni ba, sun dai ce abin da aka rubuta sai kotu ta warware shi. Na tambayi abin da muhami yake karɓa, wato mai tsaya wa mutum a gaban alƙali, na ji ko shekara zan yi ina soya gyaɗa ba zan tara ba.

Na san in aka sauke shi a can ke ce da riba, ba na kuma yi miki baƙin ciki. Amma na binne 'ya'ya biyu a garin nan, na binne Bawa. Shi kaɗai ya rage yana tura ƙofar nan da yamma. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Barakatu

Ruwais, Jidda
19 ga Muharram, 1392

Zuwa ga Yaya Mastura.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan wannan ta same ki lafiya. Ban jira amsar ta farko ba, domin akwai abin da zan roƙa, kuma mai nauyi ne.

Luba ta ja ni wurin wani Ustaz Abdulghani. Muhami ne, haifaffen Jidda, amma jikan mutanenmu ne, kakarsa da ƙafa ta zo daga ƙasar Hausa. Duk ranar Alhamis yakan zauna a ɗakin ajiyar yadi na wansa a bayan Bab Makka, ya saurari talakawa, ba ya karɓar ko sisi. Ban yarda ba, na ce wa Luba a garin nan ko ruwa saye muke yi. Muka tarar da layi har bakin titi. A gabana akwai wani dattijo da aka fitar masa da kaya daga ɗakin haya, da wata mata da kaya suka danne mijinta a tashar jiragen ruwa. Tun azahar muke zaune a kan dilolin yadi, ba mu shiga ba sai dab da magariba.

Mutum ne siriri, idanunsa sun yi ja don karatu. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ya cakuɗa ta da Larabci. Na fara masa tun daga auren Bawa da hanyar da muka biyo, ya bar ni na yi ta zuba. Da ya ɗauki alƙalami ya tambayi sunan yaron, sai na waiwayi Luba, ita ta faɗa. Ya dube ni, ya dube ta, ya ajiye alƙalamin ya yi ta dariya har da share hawaye. Raina ya ɓaci, na miƙe zan fita. Ya ba ni haƙuri, ya ce kakarsa ya tuna, wadda har ta mutu “wancan” take kiran ubansa. Sannan ya ce, “Fahimt, ya khala, kunya ce. Amma mahkama ba ta san kunya ba. Lazim ki faɗa da bakinki.” Khala yake ce mini, wato 'yar'uwar uwa, mahkama kuwa kotu ce.

A take ya rubuta takardar koke a dakatar da sa shi a jirgi, washegari ya kai da kansa. An dakatar, alhamdu lillahi, amma yaron yana nan tsare har a yi shari'a. Ustaz ya ce abu uku alƙali zai nema. Shaidu biyu da suka san haihuwarsa, da ni a tsaye ina faɗin sunansa na ce ni na haife shi, da kuma takarda daga gare ki.

Ita ce roƙon nawa. Ki je wurin limamin unguwa ya rubuta da Larabci cewa ba ke kika haife shi ba, riƙo aka ba ki, ki dangwala yatsa, mutum biyu su sa hannu. Yaya, na san abin da nake nema. Allah bai ba ki haihuwa ba, na ba ki shi na ce har abada, kika yi shekara goma kina goyo da jinya, duk Gadarif da sunansa ake kiranki. Da kika turo shi don ya samu sana'a, ba ki ce kin mayar ba, ni ma ban ce na karɓa ba. Yanzu ga ni ina cewa ki rubuta a takarda ba naki ba ne. Na yi kwana biyu ina jujjuya wannan wasiƙa kafin na iya kai ta gidan waya. In kin ƙi, ba zan ga laifinki ba.

Ki gaida duk wanda ya tambaye ni.

Ƙanwarki,
Barakatu

Ruwais, Jidda
25 ga Safar, 1392

Zuwa ga Yaya Mastura.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ban-gajiya. Yaya jikin? Takardarki ta iso. Na duba cikin ambulan ko kin saka mini wata 'yar wasiƙa ko da ta zagi ce, ban ga komai ba sai rubutun liman da yatsanki. Na fahimta. Allah ya saka miki.

Ustaz ya samo shaidu. Ya yi Juma'a biyu yana bin lungunan Ruwais da takalminsa mai tsada yana tambayar waɗanda suka zauna a Gadarif a shekarun nan. Kin tuna Baba Na'ibi, wanda ya yanka ragon suna? Yana nan da ransa, idon ne kawai ya tafi, ya kuma tuna har launin ragon. Na biyun Mahmudu maɗinki ne, wanda muka hau jirgi ɗaya da shi.

An sa mana rana sau biyu ana ɗagawa. Kowane zuwa sai na riƙo hannun Baba Na'ibi mu hau mota, mu wuni a kan benci, a ce mu dawo. Gyaɗar da na soya ta yi sanyi a gida, masu saye sun koma wurin wata. Na gaji, Yaya, gajiyar da barci ba ya cire ta. Ranar nan na ce wa Ustaz ko mu bari haka, ya ce shi bai gaji ba tukuna, in na gaji in jingina da shi. Na kai masa ƙullin gyaɗa, ya ƙi, sai da na ce ta mahaifiyarsa ce ya karɓa.

Ya ce in riƙa gwada faɗin sunan a gida don bakina ya saba. Kada ki yi mini dariya. Nakan rufe ƙofa in fuskanci randa, in buɗe baki, sai in ji kamar Innarmu marigayiya tana tsaye a bayana. Har yau ban wuce harafin farko ba.

Ina kai wa yaron tuwo ranar Litinin. Ya rame. Bai taɓa tayar da maganar abin da na faɗa a ofis ba, wannan shirun kuwa ya fi faɗa ciwo. Yakan karɓi kwano ya ce, “Na gode, Hajja. In kin rubuta ki gaida Inna.” To, ga gaisuwarki na isar.

Ƙanwarki,
Barakatu

Ruwais, Jidda
14 ga Rabi'ul Awwal, 1392

Zuwa ga Yaya Mastura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Ki zauna kafin ki karanta.

An yi shari'a ranar Talata. Alƙalin tsoho ne mai magana a hankali. Aka karanta takardarki, Baba Na'ibi ya yi bayanin ragonsa har aka ce ya isa, Mahmudu ma ya yi nasa. Sai alƙali ya ɗaga takardar ofis mai yatsana, ya tambaya yaya mace za ta musanta ɗanta sannan ta dawo ta ce nata ne. Ustaz ya miƙe ya yi magana mai tsawo da Larabci. Abin da na tsinta shi ne, ya ce a wurin mutanenmu uwa takan ɓoye ɗan fari a bakinta saboda girman abin a zuciyarta, ya kuma ba da labarin kakarsa. Alƙali ya girgiza kai, ya ce ya ji, amma daga bakina yake so.

Aka ce in matso. Yaron yana tsaye bai fi taku uku daga inda nake ba. Na ji Ustaz a gefena yana cewa ƙasa-ƙasa, “Yalla, ya khala. Sau ɗaya, khalas, shi ke nan.” Na tuna jirgin ruwan nan, na tuna yatsanki a kan takarda. Na ce a raina, in Mastura ta iya sakin sa, ni ma na iya ɗauka. Ban san da wace murya ba, na dai ji kaina ina cewa, “Usuman ne. Ɗana ne, ni na haife shi.”

Yaya, sai yaron nan ya amsa. Ya ce, “Na'am.” Ba kiransa na yi ba, shaida nake bayarwa, amma ya amsa kamar wanda ya daɗe a bakin ƙofa yana jira. Sannan ya rufe fuska da hannun riga, ƙaton mutum mai gemu, kafaɗunsa suna rawa. Alƙali ya sunkuyar da kai ya yi ta rubutu. Ban taɓa sanin abin yana damunsa ba. Shekara goma sha biyu ina zuba masa abinci ina ce masa “kai”, ina ganin ya san komai.

An sake shi jiya, za a yi masa iƙamarsa ta kansa. Na so in yi wa Ustaz godiya yadda ta kamata, ban samu ba. Kafin mu fito daga kotu ya riga ya koma wurin matar nan da kaya suka danne mijinta, suna shiga wani ɗakin.

Kada ki ɗauka na sauya. Da muka iso gida na ɗora ruwa, na ce, kai, ga wanka can. Ya yi murmushi ya ɗauki bokiti. Ya ce in gaya miki da zarar takarda ta fito zai zo ya yi miki azumi a Gadarif, tunda yanzu yana iya fita ya dawo. Ki gyara masa ɗakinsa. Abin da liman ya rubuta na alƙalin Jidda ne, yana cikin kabad ɗinsu, babu mai karanta shi a Gadarif.

Hannuna ya gaji, bayana ma haka. Ki yafe mini abin da na sa ki yi. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki Barakatu,
wadda ta haifi Usuman ɗinki