Shafin da Ya Sha Mai

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara mai ƙosai ta Fagam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zo miki da albishir, na kuma zo da wani tsohon laifi da ban taɓa neman gafararsa ba. Na san mutane za su leƙo su karanta. To su leƙo, ai ke ma a bakin hanya kika yi sana'arki.

Kin tuna ɗaurin tsofaffin takardun da ƙaninki Kawu Sale direba yake sauko miki da shi daga Kano don ƙunshin ƙosai? Ba kya yagar ko ɗaya sai kin zauna kin tsince su. Ba ki yi boko ba, amma duk wadda kika ga rubutun Larabci a jikinta, adaka kike jefa ta, kada sunan Allah ya sha mai ya ƙare a kwata.

A irin wannan tsinta ne, ina aji biyar, wasu littattafai uku suka faɗo. Zanen hotuna ne gida-gida, maganar kowane mutum an kewaye ta a saman kansa. Bangonsu ya tafi, takardar ta yi ja don tsufa. Kimiyya suke koyarwa da Turanci: yadda hadari ke haɗuwa, yadda lantarki ke bin waya, na ukun kuwa duk hasashen yadda duniya za ta zama ne nan gaba. Kika ga yadda na zuba musu ido, sai kika haɗa su da na Larabcin, kika ce, "Takardar da ke koya wa mutum wani abu, ba a zuba mata mai."

Daga nan kika shiga uku da ni. Kina bugun ƙullu ina fassara miki, rabi daga littafin, rabi daga kaina, don Turancin nawa bai kai ya kawo ba. Ga motoci suna tashi sama. Ga tarho mai nuna fuskar wanda kake magana da shi. Da na nuna miki ƙwayar da za a haɗiya a ƙoshi, dariya kika yi har da riƙe ciki, kika ce to ku masu ƙosai sai ku kama gabanku ke nan.

Tambaya ɗaya ce ba ki daina yi ba: su waɗannan mutanen, wa ke jawo musu ruwa? Kina da dalilin yin ta. Rijiyar unguwarmu zurfi gare ta, igiyar guga ta cinye miki tafin hannu har ya yi kanta. Na yi ta bincike sai da na samo miki amsa a wani shafi: baƙaƙen faya-fayai a kan rufi suna shan rana, ƙasa kuma ga famfo yana zuba ba mai bugawa. Ranar na yi miki alkawari da bakin yarinta cewa zan sa rana ta jawo miki ruwa. Kika ce Allah ya nuna mana.

Ga laifin. Wata ranar kasuwa na bar littafin kusa da kasko, shafin nan kuwa ya riga ya ɓalle. Cikin turmutsutsun masu saye kika ƙunshe wa wani ƙosai da shi. Da na gane, a gaban mutane na ce miki, "Ai ke ba ki san darajar karatu ba." Inna, ni na faɗa miki haka, ke da kika ceto littafin daga mai tun farko.

Kasko kika sauke, kika ja mayafi, kika bi gidajen masu sayen ɗaya bayan ɗaya. Sai wajen azahar kika dawo, ƙullun ya riga ya yi tsami. A shagon tela kika samo shafin, ya jiƙe da mai, har da yaji a jikin hoton rana. Kika shimfiɗe shi a cinyarki kika miƙo mini, na karɓa ina zumɓure baki, ko sannu babu. Na tafi makarantar kwana a Birnin Kudu, na wuce jami'a a Kano, kullum ina cewa sai na dawo hutu zan ba ki haƙuri. Kika rasu ina shekara ta biyu a jami'ar.

Bari in ba ki rahoton hasashen nasu. Motoci ba su tashi ba, ta Kawu Sale har yau turi take so. Ƙwayar abinci ba ta zo ba, ƙosai na nan da farin jininsa. Tarho mai fuska ya zo, yana cikin jakata, lambarki ce kawai babu.

Faya-fayan rana kuwa sun zo, kuma shi ne aikin da nake yi. Ranar Alhamis muka gama kafa su a kan sabuwar rijiyar burtsatse, daf da tsohuwar taki. Ni na yi lissafin, ni na haɗa wayoyin, maza sun taru kallon mace a kan tsani. Da hantsi ruwa ya ɓarke. Maƙwabciyarki Iya Talatu, wadda kuke jan guga tare, ta tara hannuwa a ƙarƙashin famfon ta ce, "Hajara, ga ruwanki ya zo." Sai da na koma bayan tanki na yi kukana.

Shafin yana hannuna ranar. Shekarar da ɗakinki ya yi yoyo, ruwa ya shiga adaka, littattafan uku suka narke kamar fura. Shi kaɗai ya tsira, domin ruwa ba ya kama takardar da ta sha mai. Jikarki Ummi, mai sunanki, ta riga ta ƙwace shi, wai ita ce za ta tayar da motar kakanta sama. Ta tambaye ni ko tabon mene ne a jiki, na gaya mata komai, har maganar da na faɗa miki.

Inna, kin san darajar karatu tun kafin ni in san shi. Ki yafe mini.

Allah ya haskaka makwancinki, ya kai miki ladan duk bokitin da aka cika a famfon nan, ya shayar da ke daga Alkausara ba tare da kin ja igiya ba. Amin.

'Yarki mai fassarar ƙarya da gaskiya,
Rabi